Gonar Inabin Nabot

Abin karantawa: 1 Sarakuna 21

Da yawa daga cikinmu mun ji labarin Nabot tun muna yara, muka ɗauke shi mutum mai taurin kai. Sarki Ahab ya yi masa tayin gonar da ta fi tasa, ko kuwa kuɗi, ya ƙi, ya ce gādon kakanninsa ne. Ba za mu gane wannan amsa ba sai mun san irin gonar da a ke magana a kanta, gama mu mutanen Yusufari da Nguru da Gashua manoman gero ne, ba mu saba da kuringar inabi ba, sai dai 'ya'yanta a wurin masu talla.

Ƙasar Kan'ana tana bakin Bahar Rum ta wajen gabas. Damunarsu ta saɓa da tamu. Ruwansu ya kan sauka da sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa sama a bushe ta ke. A cikin wannan rani ne inabi ya ke nuna, yana shan ruwan da saiwarsa ta bi can cikin dutse ta samo. Wanda ya ga gawo yana kore shar da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe, ya san abin da mu ke nufi.

Amma gawo shi ke tsiro da kansa, kuringa kuwa sai da wahala. Annabi Ishaya, a sura 5, ya lissafta aikin: a kafce ƙasa, a tsince duwatsu, a dasa iri mai kyau, a gina hasumiyar tsaro, a sassaƙa wurin matsewa a cikin dutse. Duwatsun da aka tsince, da su a ke gina katanga hawa hawa a jikin tudu, domin kada ruwa ya kwashe ƙasa. Bayan dashe kuma sai haƙuri. Bisa ga Littafin Firistoci sura 19, 'ya'yan sabon itace ba a cinsu shekara uku. Na huɗu na Ubangiji ne. Sai a ta biyar mai gona ya ɗanɗana. Kowace shekara kuma dole a yi wa kuringa aski, in ba haka ba ta yi ganye banza.

Ƙasar kanta tana ba da shaida. A Gibeyon, masu tonon kufai da suka yi aiki daga 1956 zuwa 1962 sun sami ramuka 63 sassaƙe a dutse, inda a ke ajiye tulunan ruwan inabi. A Yezreyel, garin Nabot, an tono wata tsohuwar matsa a 2013. Ba mu ce tasa ce ba, amma irinta ya taka da ƙafarsa. A ƙauyen Battir kusa da Baitalami, wanda aka sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014 saboda katangun gonakinsa, zuriya takwas ne suka gāji rabon ruwan marmaro bi da bi, kowace da ranarta. (Kada wani ya ce mun zo yabon giya. Ana cin inabi ɗanye, ana shanya shi, ana dafa ruwansa ya yi kauri kamar zuma, yadda mutanen Hebron su ke yi. Littafi kuwa bai ɓoye abin da buguwa ta yi wa Nuhu ba.)

To, muna da irin wannan gona a ƙasarmu. Mu tuna da dabinon dausayin Tulo-Tulo da na Bulatura, a tsakiyar tuddan rairayi. Mai dasa dabino ya kan jira shekaru kafin ya ga nono na fari, yawancin amfanin kuwa 'ya'ya da jikoki ne za su ci. In aka yi sakaci, rairayi ya gangaro ya binne aikin kaka. Je ka ce wa mai irin wannan dabino ya karɓi wani fili a madadinsa, ka ji abin da zai faɗa maka. Gumin ubansa ba ya cikin wancan fili.

Yanzu mu dubi abin da Ahab ya ke so ya yi da gonar: lambun ganye, domin tana kusa da fādarsa. Wato a tumɓuke aikin tsara da tsara a shuka abin miya na wata biyu. Nabot kuwa ba son zuciya ya hana shi ba. Firistoci sura 25 ta hana sayar da ƙasa har abada, gama ƙasa ta Ubangiji ce, Isra'ilawa baƙi ne a cikinta. Abin da ke hannunsa amana ne, nasa ne ya ci, ba nasa ba ne ya ɓatar. Ahab ya san wannan, shi ya sa ya koma gida ya kwanta ya ƙi abinci. Yezebel, 'yar sarkin Sidon, ita ce ba ta san wata doka da ke bisa sarki ba.

Mun saba zargin Yezebel, mu tsaya nan. Amma ita wasiƙa kaɗai ta rubuta. Dattawan Yezreyel, maƙwabtan Nabot, waɗanda suka san iyakar gonarsa, su ne suka yi shelar azumi, suka zaunar da shi gaban jama'a, suka kawo shaidun zur biyu, suka sa aka jejjefe shi. An yi kome da sunan addini, bisa ga tsarin shari'a. 2 Sarakuna 9:26 ta nuna har 'ya'yansa an kashe, domin kada magāji ya ragu. Ba a rubuta ko mutum ɗaya da ya tashi ya ce ƙarya ne ba.

A nan ne labarin ya same mu, gama kaɗan ne cikinmu sarakuna, amma da yawa dattawa ne. Ba mu ƙarƙashin dokar ƙasa ta Musa, ba kuwa za mu hukunta waɗanda farin 1973 da na 1984 ya tilasta musu rabuwa da gonakinsu ba. Amma wanda ya jira yunwa ta kama ɗan'uwansa domin ya saye gonarsa da arha fa? Da wanda ya matsar da iyaka bayan mai gona ya mutu, gwauruwa tana kallo ba ta da bakin magana? Da mu da muka san gaskiya muka yi shiru, domin mai ƙwacen yana ba da baiko mai yawa? Ubangiji ya aiki Iliya ya tarar da Ahab a cikin gonar kanta, ya kira abin da sunansa, kisa da ƙwace. Ahab ya yayyage tufafinsa, ya yi azumi, aka jinkirta masifar. Ba mu karanta cewa ya mayar da gonar ba.

Kafin taro na gaba, a karanta Ishaya 5:1-10. A zo da amsa: a ƙauyenmu, wa ke riƙe da sanin iyakar gonakin marayu, kuma gaban wa za su kai kuka?