Sarƙar Kaka: Sikeli Ne Zai Faɗi Darajarta?

A watan Disamba na shekarar 2011, wata tara bayan rasuwar jarumar finafinan Amurka Elizabeth Taylor, kamfanin gwanjo na Christie's ya baje kayan adonta a birnin Niyok. A dare ɗaya tak aka sayar da sarƙoƙi da zobba da 'yan kunne na kusan dala miliyan 116. A cikinsu akwai wani lu'ulu'u mai suna La Peregrina, wanda ya daɗe yana yawo a wuyan matan sarakunan Turai kafin mijinta Richard Burton ya saya mata shi a 1969 a kan dala 37,000, daga baya kamfanin Cartier ya ƙera masa sarƙa. A wannan dare sai da aka kai shi dala miliyan 11.8. Lu'ulu'un nan bai ƙara girma ba tsakanin 1969 da 2011. Abin da ya ƙaru kawai shi ne labarinsa.

Mai karatu zai ce, to ai wannan lu'ulu'u ne na gaske, dole ya yi tsada. To saurari wani abin mamakin. Akwai masu kuɗi a Turai da Amurka da Japan waɗanda ba su da abin sha'awa sai tara tsofaffin kayan ado na gidan ɗinkin Chanel da ke birnin Faris. Matar da ta kafa gidan, Coco Chanel, wadda ta rasu a 1971, ita ce tun a shekarun 1920 ta fito da yayin saka sarƙar da ba ta gaske ba, tana haɗa lu'ulu'un gilashi da na ainihi a wuya ɗaya ba tare da jin kunya ba. Yawancin kayan nan ƙarfe ne aka yi wa ruwan gwal, duwatsun kuma narkakken gilashi ne. A wajenmu sunan irin wannan sarƙa jabu, ko a ce fashon, ranar da ta koɗe a miƙa wa yara su yi wasan 'yar tsana. Amma su can, in dai akwai ɗan hatimin gidan a bayanta, to wadda ta shekara 40 sai ta fi sabuwa kuɗi. Har littattafai ake rubutawa a kan yadda za a gane hatimin kowane zamani.

Yanzu mu dawo gida. Mace ta ɗauki sarƙarta ta gwal ta kai wa 'yan gwal a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano. Me mai shago zai fara yi? Zai goga ta ya tabbatar da ingancinta, ya ciccire duwatsun da ke jiki, ya ɗora a sikeli, ya faɗi giram nawa ce. Shi ke nan. Kuɗin aikin da ta biya ranar da ta saya ya bi ruwa. Ba ruwan sikeli da wanda ya ƙera, ba ruwansa da cewa a lefen uwarta aka kawo ta, ko kuwa tsarabar Makka ce ta kakarta. In ƙirar ta tsufa ma, narkewa za a yi a fito da sabon yayi.

Ga kasuwa biyu ke nan. A ɗaya ƙarfen ba komai ba ne, suna shi ne komai. A ɗayar kuma nauyi shi ne komai, suna da tarihi ba su da ko giram ɗaya. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: wace ce ta fi gaskiya a cikinsu? Kuma idan mutum ya gaji abin wuyan kakarsa, ya ɗora shi a sikeli, ya yi laifi ko bai yi ba?

Kafin mu amsa, ya kamata mu tuna cewa mu ma fa muna da namu tsofaffin kayan adon. A nan yankinmu na Cheberu da sauran ƙauyukan ƙasar Gwandu da Kalgo, wanda ya tashi a gaban tsofaffi ya san munduwa da warwaro, ya san tsakiya da murjani, ya san zoben azurfa mai kauri da jigida, ya ga matan Fulani da kuɗin azurfa a jere cikin kitso. Ba a shago ake zuwa a ɗauko su cikin kwali ba. Maƙerin farin ƙarfe ne zai zauna da zugazugi da 'yar uwar maƙerarsa, ya narka, ya buga, ya zana da hannu, kuma kowa a gari ya san aikin wane ne. Azurfar da yake narkawa kuwa, sau da yawa daga dalar nan ce mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga dalar ɗauke da wannan shekarar, kowace ɗaya nauyinta wajen giram 28, fatake suna ratso Sahara da ita. Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma zo Gwandu a 1853, ya rubuta cewa a Kano ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Wato warwaron da wata tsohuwa ta ajiye a ƙasan adaka yana iya kasancewa an haƙo azurfarsa a wata nahiya, an buga ta a Turai, raƙumi ya kawo ta, maƙerin garinmu ya ba ta kamanni. In ba wannan ne tarihi ba, mene ne tarihi?

Ina kayan nan suka tafi? Wasu an narka. Wasu kuma 'yan koli sun bi gida-gida sun saye su da araha, ko sun musanya su da kwanonin samira da sabuwar sarƙa mai ƙyalli. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 aka shiga kwasar tsofaffin duwatsun wuya daga Afirka ta Yamma ana kai su Amurka da Turai, ciki har da na gilashi masu zane waɗanda asalinsu daga birnin Benis na Italiya aka kawo mana su. Kuma abin da zai ba ka dariya da takaici lokaci guda shi ne, manyan dillalan wannan harka 'yan'uwanmu ne Hausawa, daga kasuwar Kurmi ta Kano har Ankara da Lome da Abijan. Abin da muka raina muka kira kayan ƙauye, shi ne yau yake cikin akwatin gilashi a gidajen masu tara kayan tarihi, an rubuta masa 'yar takarda a gefe.

To sai a ce Turawa sun fi mu sanin darajar abu ke nan? Kada mu yi saurin yanke hukunci. A shekarun 1990 wani babban gidan kayan ƙawa na Faransa, Hermès, ya riƙa ba maƙeran Buzaye na Jamhuriyar Nijar aikin ƙera kan bel da maɓallan jaka na azurfa, da irin zanen da suka gada kaka da kakanni. Maƙeran sun sami aiki, ba a musun wannan. Amma yau in irin kayan nan ya fito gwanjo, sunan da ke ɗaga farashinsa na Faris ne, ba na Agadas ba. Irin wannan zanen, daga irin wannan hannun, in ka same shi a kasuwa ba hatimi, kuɗinsa ba zai kama ƙafar wancan ba. Haka su ma sarƙoƙin Chanel: wasu ƙananan maƙeru ne a Faris, irin su gidan Gripoix, suke zuba gilashin, amma mai saye sunan Chanel yake biya.

Ka ga ashe kasuwannin nan biyu, duk da bambancinsu, sun haɗu a wuri ɗaya: dukkansu sun manta da mai ƙira. Sikelinmu ya ce aikinsa ba shi da nauyi. Hatiminsu ya rufe sunansa da na wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai tara kaya saboda suna kawai, wanda in aka kankare hatimin ba zai ko kalli sarƙar ba, ba kyau yake so ba, so yake a ce yana da abin da wani ba shi da shi. Mai narka warwaron kakarsa don ya sayi sabuwar waya kuma, ya sayar da abin da ba zai sake samu ba don abin da zai lalace kafin shekara biyu. Babu wanda zai yi wa wani gori.

Sai dai akwai wata magana mai nauyi da dole a saurara. Wata za ta ce: malam, kana zancen tarihi ne don cikinka a ƙoshe yake. Gwal ɗin mace shi ne bankinta. Ranar da yaro ya kwanta asibiti, ko damina ta yi gardama, ko aure ya mutu aka bar ta da 'ya'ya, wannan 'yan kunnen ne zai fitar da ita kunya. Wallahi gaskiya ta faɗa. Hikimar iyayenmu mata ce da suka mai da ado ajiya, domin Naira tana narkewa a hannu, gwal kuwa yana nan. Sikelin da nake kuka da shi, shi ne kuma yake kare ta: ko a wane gari ta je, giram giram ne, ba sai wani masani ya zo ya tantance hatimi ba. Wadda ta sayar da sarƙar gado ta ceci ran ɗanta ba ta ci amanar kakarta ba. Kakar ma da za a tambaye ta, cewa za ta yi, “Yo don me na ajiye ta, 'yar nan?” Rai ya fi tarihi, kuma duk falsafar da ta ce ba haka ba, ta masu ƙoshi ce.

Saboda haka laifin ba a sayarwar yake ba. Laifin yana cikin sayarwa da jahilci da kuma raini. Akwai bambanci tsakanin wadda ta rabu da abu tana sane da abin da ta rabu da shi, don wata bukata da ta fi shi girma, da wanda ya watsar da shi don yana jin kunyar a gan shi da kayan da. Na farko sadaukarwa ce. Na biyu kuwa, mutum ne ya yarda cewa duk abin da ya fito daga gidansu ba shi da daraja sai wani baƙo ya zo ya yaba.

Shi ma mai tarawa akwai tambayar da ke jiransa. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta kayan adon da mace take sakawa, wanda ba a fitar masa da zakka, da gwal ko azurfar da aka tara don ajiya ko ciniki, wanda ake fitar masa in ya kai nisabi ya kuma shekara. Ko ba ka yi zurfi a karatu ba, za ka hango hikimar da ke ciki. Ado an yi shi ne don a saka, a je biki da shi, a ara wa ƙanwa ranar kamunta, a gadar wa jika. Da zarar an kulle shi a akwati ana jiran ya yi tsada, ya tashi daga ado ya koma dukiya, dukiya kuwa akwai haƙƙin wasu a cikinta. Sarƙar da ta shekara 30 ba ta taɓa wuyan kowa ba, ko hatimin wane gida ke jikinta, ta rasa rabin abin da aka yi ta dominsa.

A nan ne nake da ƙorafi a kan marubutanmu da masu shirya finafinanmu. Ɗauki littattafan soyayya ka duba yadda ake siffanta lefe: saitin gwal 'yan Dubai, agogo kaza, turare kaza, duk da sunayen kamfanoninsu, har mai karatu ya haddace. Sau nawa ka ga jarumar da abin alfaharinta shi ne tsakiyar da ta gada, marubuciya ta tsaya ta ba mu labarin matan da suka saka ta kafin ita? Ai wannan kaɗai ya isa littafi guda. A fim kuma, sai a ce ana nuna zamanin da, an nemo bukka da ƙwarya da doki, amma gimbiya ta fito da sarƙar roba 'yar Sin a wuya. Alhali da mai kula da sutura zai leƙa Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Kanta a Argungu, ya zauna da tsofaffi, ya nemi maƙerin fari ya ba shi aiki, da fim ɗin ya fi kyau, maƙerin ya samu na cefane, 'yan kallo kuma sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Matasa abin da suka gani a wuyan jaruma shi suke nema a kasuwa, kowa ya san wannan.

Abin da ya rage mana a gidaje ba shi da yawa, amma bai ƙare ba. Wanda duk yake da tsohuwa a raye, ya roƙe ta ta buɗe adakar nan, ya tambaye ta: wannan na wace ce, wa ya ƙera, a wane gari, a bikin wa aka fara saka shi? Ya rubuta a takarda ya ajiye tare da kayan, ya ɗauki hoto. Wannan 'yar takardar ita ce hatiminmu, kuma ta fi ta Faris gaskiya, domin sunan maƙerin ne a kai da sunayen matan da suka saka. In wata rana wuya ta yi wuya har aka kai kayan sikeli, mai shago zai auna ƙarfe ya biya, labarin kuwa ya zauna a gida. In kuma Allah ya rufa asiri ba a kai ga haka ba, to a fito da shi ranar biki a saka wa amarya, a gaya mata na wace ce. Allah ya sa mu dace.