Wa Za Mu Faɗa wa Cikinmu?

Idan zazzaɓi ya kama ɗayanmu a Garki, asibiti mu ke nufa ba tare da gardama ba. Amma idan baƙin ciki ya hana mutum barci wata da watanni, ko mace ta haihu hankalinta ya ƙi kwanciya, sai mu tsaya muna duban juna. Wani ya ce boka, wani ya ce fasto, wani ya ce a tafi Kazaure ko Dawanau, inda asibitocin masu taɓin hankali su ke. Ga kuma waɗanda aka horar domin su yi magani ta wurin zance kaɗai. Cikin waɗannan duka, da me za mu gane na kirki?

Mu tuna da abokan Ayuba su uku. Kwana bakwai suka zauna a ƙasa tare da shi, ba wanda ya ce uffan, kuma a ganinmu wannan ne alheri mafi girma da suka yi masa. Sa'ad da suka buɗe baki, sai suka shiga neman zunubin da ya jawo masa masifa, suka ƙara masa ciwo. Haka har yau. Wanda ya gaya maka sunan cutarka tun ba ka gama magana ba, wai aljani ne, ko sammu, ko rashin bangaskiya, bai ji ka ba.

A gaban na kirki harshe ya kan saki. Ka kan faɗi abin da ka ɓoye wa matarka, fuskarsa ba ta sāke ba. Ya kan yi tambaya mai zafi, amma ba ka fita da kunya. In ka ce, "Ba haka ba ne," ba ya fushi. Maganarka kuwa ba za ka tsince ta a kasuwa ba, balle a bagade ran Lahadi. Mu fastoci mu ji wannan da kyau.

Ya kuma san iyakarsa. A 1954 Likita Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa, har ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya, gama bai ɗauka shi kaɗai ya isa ba. Wanda ya hana ka ganin likita, ko ya ce ka zubar da ƙwayoyinka, ku rabu. Wanda ya kawo mari da bulala, ku gudu, ko da sunan addu'a ya zo. A 2019 an tarar da mutane ɗaure a gidajen addu'a na Kirista da na Musulmi duka. Dokar 1958 ta kira irin waɗannan mahaukata, amma wadda aka sa wa hannu a 2023 ta ba su hakkin a nemi yardarsu, a kuma rufa asirinsu.

In kun je sau uku ko huɗu, kullum ɗan'uwan yana komowa a tsorace, kada ku ce taurin kai ne. Ku tambaye shi a keɓe abin da aka yi masa, sa'an nan ku nemi wani.