Katanga ba ta tare ƙamshi

Kakar riɗi ta yi wa ɗan yayata kyau, sai ya ƙudurta gina wurin gashi a bayan gidansa a Shuwak: tukubar jan bulo, ragar ƙarfe a kanta, dakali biyu da rumfar zana, wadda a nan muke ce wa rakuba. Tambayarsa ɗaya ce: "Kawu, akwai laifi a addini?" Na ce babu. Guminsa ne, kuma karrama baƙo ibada ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ya zaɓa ya kafa wutar.

Mu Hausawan Sudan ba baƙin wuta da nama ba ne. Agashen da ake rububi a Gadarif da Khartum, mai garin ƙuli-ƙuli da yaji, da kakanninmu ya zo, waɗanda suka biyo hanyar hajji da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. To amma tukubarsu a bakin hanya take. Haka ma cin abinci a ƙauyukan Fashaga: kowane magidanci ya fito da kwanonsa waje, a zauna a tabarma guda, mai wucewa a ce masa bismilla. Da azumi har tare matafiya ake yi a titi, sai sun sauko sun sha ruwa. Mai da wuta bayan doguwar katanga sabon abu ne, kuma abin da yake nufi shi ne daga yau sai wanda aka gayyata.

Malaman Malikiyya sun daɗe da yin magana kan hayaƙi. Ibnur Rami, wani magini da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini, ya kawo cewa ana hana hayaƙin gidan wanka na haya da na babban tanderu idan zai cuci maƙwabta, amma ba a hana na girkin gida, don ba makawa sai an ci. Ke nan babu alƙalin da zai rushe tukubar yaron nan. Sai dai akwai cutar da ba ta zuwa gaban alƙali. Hayaƙi bango yake baƙantawa, a gani a ƙiyasta. Ƙamshin kitse yana ɗiga a garwashi kuwa ciki yake shiga, cikin yaron da ya kwana da ruwan kunu. Wa zai kai wannan ƙara?

Ga shi maƙwabtan ma ba na jiya ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar, jihar Gadarif ta cika da waɗanda suka baro gidajensu. Wasunsu a da su ne masu yanka rago su kira mutane.

A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci Abu Zarri idan ya dafa romo ya ƙara ruwa don ya sam wa maƙwabta. Na daɗe ina juya wannan. Romo yana karɓar ruwa, tukunyar mutum biyar ta ciyar da goma. Gasasshen nama kuwa ba ya auki, raguwa ma yake yi a kan wuta. Wanda ya zaɓi gashi ya zaɓi girkin da ya fi kowanne yaɗa ƙamshi, ya kuma fi kowanne wuyar rabo.

Ban ce mutum ba shi da ikon keɓewa da iyalinsa ba. Matan gida suna bukatar wurin da za su sake, kuma ci a bainar jama'a ma yana iya zama nuna isa. Shi ya sa ban hana shi ginin ba. Abu biyu na roƙe shi. Ya ƙara murhu kusa da tukubar, mai ɗaukar babbar tukunya, domin duk ranar da aka gasa tsoka, ƙashi da kai da ƙafa su zama romon unguwa. Sannan ya huda ƙaramar ƙofa a katangar da ke kallon lungu.

Ku masu shirin irin wannan gini, kafin ku auna bulo da siminti, ku fara ƙidaya gidajen da iska za ta kai wa ƙamshin, ku sa su cikin lissafin cefane.