Kayan Jariri: Domin Wa Kake Saye?

Karatu: Luka 2:1-7, 22-24

Ɗan'uwa cikin Almasihu, matarka ta kusa haihuwa. Kun zauna kun lissafta abin da za a saya: zanen goyo, riguna, sabulu, bahon wanka da gidan sauro. Wannan shiri yana da kyau, gama tanadi ba rashin bangaskiya ba ne. Amma ka tambayi zuciyarka: domin wa nake saye? Domin jaririn, ko domin idon masu zuwa barka?

Na ga magidanta da suka ci bashi suka tara kayan bikin suna, amma daren da naƙuda ta tashi, babu kuɗin mota zuwa asibiti. Wanda ya sa yabon mutane gaba da ran matarsa bai nuna ƙauna ba.

Dubi Yusufu da Maryamu. Da zane aka rufe Yesu, a komin dabbobi aka kwantar da shi. Da suka kai shi Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya yardar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Allah kuwa bai raina talaucinsu ba.

Saboda haka, ka fara ajiye kuɗin awo, na haihuwa da na magani. Sauran kaya su biyo baya gwargwadon ƙarfinka.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka koya mana tanadi cikin hikima, ka raba mu da fahariya. Ka sauki mata masu juna biyu lafiya. Cikin sunan Yesu, Amin.