MATA-MAZA DA ƊAN DAUDU: INA HUKUNCI YA TSAYA, INA ZALUNCI YA FARA?

Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin kowa da kome, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala wadda jama'a suka fi son su yi raha da ita a majalisa, ko su yi Allah wadai da ita a kan mumbari, amma ba safai ake zama a warware ta da ilmi ba. Mas'alar kuwa ita ce ta mutumin da halittarsa ko ɗabi'arsa ta faɗa tsakanin maza da mata. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san 'yan daudu. Ya gan su a tasha da bakin kasuwa suna suyar kaji da waina, ya gan su a gidajen biki, tun daga lungunan cikin birnin Katsina har zuwa manyan gidajen GRA, suna juya tukunyar da za ta ciyar da ɗaruruwan baƙi. Tambayar da ya kamata mai hankali ya yi ita ce: shin me shari'a ta ce game da irin waɗannan mutane, kuma me ta ɗora wa sauran Musulmi a kansu?

Abu na farko da mai karatu zai riƙe shi ne, malamai ba su zuba su a kwando ɗaya ba. Sun kasa su kashi uku, kowane kashi da hukuncinsa, kuma yawancin zaluncin da ake yi ya samo asali ne daga cakuɗa ukun nan.

Kashi na farko shi ne wanda ake kira hunsa a Larabce, watau mata-maza, wanda aka haifa da gaɓoɓin da ba su fayyace ko namiji ne ko mace ba. Wannan ba shi da laifin kome, domin ba shi ya halicci kansa ba. Malaman fiƙihu sun ba shi muhimmanci ƙwarai, har Shehu Halilu, mai Muhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukan Katsina da Kano da Zariya, ya rufe littafinsa da hukuncin gādonsa. A mazhabar Maliku, idan al'amarinsa ya rikice, ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Misali, mutum ya rasu ya bar naira 1,200,000 da 'ya'ya biyu kaɗai, ɗaya namiji ɗaya mata-maza. Da namiji ne da ya sami 600,000, da mace ce da ta sami 400,000, saboda haka sai a ba shi 500,000, ɗan'uwansa ya ɗauki 700,000. Shari'ar da ta zauna ta yi wannan lissafi don kada haƙƙinsa ya salwanta, ba za ta yarda a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki ana jin kunyarsa ba. A yau likitoci sun gano cewa sau da yawa abin yana faruwa ne saboda rikicewar sinadaran jiki tun jariri yana ciki, kuma akwai nau'in da ke iya kashe jariri a makonnin farko idan ba a duba shi ba. Iyayen da suka ɓoye irin wannan haihuwa don gudun bakin mutane, maimakon su nufi babban asibiti, sun tauye amanar da aka ba su.

Kashi na biyu shi ne namiji cikakke a halitta, amma aka gina shi da laushin murya da karairaya irin ta mata, ba da gangan ba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa wannan babu zargi a kansa, babu zunubi, babu uƙuba, domin ba shi ya ƙaƙaba wa kansa ba. Ibnu Hajar, mai Fatahul Bari, ya ƙara da cewa ana umurtarsa ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali gwargwadon iyawarsa. Akwai irinsa a Madina tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani da ke shiga ɗakin Ummu Salama, ana ɗaukarsa cikin waɗanda ba su da sha'awar mata, har ranar da aka ji yana siffanta wa wani jikin wata mace 'yar Ɗa'ifa. Daga nan aka hana shi shiga wurin mata. A lura da kyau: abin da ya faɗa ne ya jawo masa hani, ba muryarsa ko tafiyarsa ba.

Kashi na uku shi ne wanda da gangan ya ɗauki shigar mata da maganarsu da kwalliyarsu, don neman abin duniya ko biyan son zuciya. A kan wannan ne hadisin Ibnu Abbas ya zo da la'ana, kamar yadda ya zo a kan macen da ke kwaikwayon maza. Babu saɓani a kan haramcinsa, kuma rufe wannan gaskiya ha'inci ne ga mai yi kafin kowa.

Zamani kuma ya zo da wani sabon abu da magabata ba su sani ba, watau canza gaɓoɓi ta hanyar tiyata. Misalin da ya yi suna a Asiya shi ne na wata mawaƙiya kuma 'yar wasan fim ta Koriya ta Kudu mai laƙabin Harisu. An haife ta a 1975 aka rubuta namiji, ta yi tiyata a shekarun 1990, sannan ta shahara a 2001 sanadin wani tallan kayan shafa na talabijin. A shekarar nan ta fitar da kundin waƙoƙinta na farko, ta kuma fito a fim. A ƙarshen 2002 wata kotu a birnin Incheon ta amince a rubuta ta mace a takardun hukuma, a 2006 kuma kotun ƙolin ƙasar ta buɗe wannan ƙofa ga ire-irenta. Ta yi aure a 2007, auren ya mutu a 2017. Koriya ta bi tata doka, wadda ta ɗora hukunci a kan abin da mutum ke ji a ransa da shaidar likita. Malaman Musulunci kuwa sun bi wata hanya dabam. A 1988 irin wannan ta faru ga wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Azhar, sai Muftin Masar na lokacin, Shehu Sayyid Ɗanɗawi, ya ba da fatawa cewa tiyata ta halatta idan amintattun likitoci sun tabbatar da lalura a halitta, amma ba ta halatta don sha'awa kawai ba. A 1989 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke cewa wanda gaɓoɓinsa suka cika bai halatta ya canza ba, mata-maza kuwa ya halatta a yi masa magani a kawar da rikicin. Ashe dai rarrabewar da magabata suka yi ita ce ta warware sabuwar mas'ala.

To amma sanin cewa abu haramun ne bai ba kowa izinin ɗaukar sanda ba. A nan ne ƙafar mutane da yawa take zamewa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira cewa an kawo wa Annabi wani da ya yi lalle a hannu da ƙafa irin na mata, sai ya yi umurni a fitar da shi zuwa Naƙi'u, wani wuri a wajen Madina. Da aka nemi izinin kashe shi, sai Annabi ya hana, ya kafa hujja da cewa an hana shi kashe masu salla. Shugaba ne ya yanke hukunci, hukuncin bai wuce gwargwadon laifi ba, kuma mai laifin bai fita daga Musulunci ba. Abubuwa ukun nan su ne ma'auni.

Marubuta tarihi sun kawo wani labari mai ban tsoro game da abin da gaggawa ke haifarwa. A zamanin Banu Umayya akwai irin waɗannan mutane a Madina da suka shahara da waƙa, babbansu shi ne Ɗuwaisu. An ce Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmaliki, wanda ya yi mulki daga 715 zuwa 717 Miladiyya, ya aika wa gwamnan Madina takarda cewa a ƙidaya su. Kalmar ƙidayawa a Larabci ana rubuta ta da ha ƙarami, sai ɗigo ɗaya ya faɗa a kansa ya zama ha mai ruwa, ma'ana ta koma a dandaƙe su, aka kuwa aiwatar. Ɗigon tawada ɗaya ya isa ya lalata rayuwar mutane idan mai zartarwa ba ya tsayawa ya tambaya. Taron jama'a kuwa ba ya duba ɗigo. An ga haka a Bauchi a watan Janairun 2014, lokacin da mutane suka yi wa wata kotun shari'a ruwan duwatsu suna neman a miƙa masu waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai gama sauraro ba. Wanda ya jefi kotun shari'a da sunan kishin shari'a, me ya rage mata?

Tun shekara ta 2000 aka faɗaɗa aiki da shari'a a Jihar Katsina, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa. Akwai kotuna, akwai alƙalai, akwai ƙa'idar shaida. Saboda haka babu uzuri ga matasan da za su tare ɗan daudu a hanya su yi masa duka, ko su ɗauki hotonsa su watsa a waya, ko su jefe shi da tuhumar luwaɗi ba tare da shaida ba. Karairaya ba shaida ba ce, kuma ƙazafi babban zunubi ne mai zaman kansa. Hausawa ma sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Sannan kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wane ne ke kiran 'yan daudu su yi girki da raha a biki, ya yi masu liƙi, kashegari ya tsine masu a masallaci? Wane ne ya kori yaro daga gida yana ɗan shekara goma sha biyu don muryarsa ta yi laushi, har ya rasa mai buɗe masa ƙofa sai gidan da zai ƙarasa lalacewa? Yawancinsu ba su sami inda za su ci abinci ba sai wurin waɗanda suka riga su, can suka koyi sana'a, can kuma suka koyi sauran abin da ya biyo baya. Uban da ya yi korar yana da kamasho a cikin abin da ya faru. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abin da ya wajaba a kan jama'a a fili yake. Jaririn da halittarsa ta rikice a kai shi ga likita da wuri, a kuma rufa masa asiri. Yaron da aka ga yana da laushi a ja shi a jiki, a sa shi makaranta, a hana 'yan'uwansa tsokanarsa. Babba da ya riga ya shiga daudu a yi masa nasiha a keɓe, a bar masa sahu a masallaci, kuma idan ya nemi fita a sama masa jari da wurin zama, domin tuba ba ta ɗorewa a kan yunwa. Wanda ya bayyana ɓarna a fili a kai shi gaban hukuma, a tsaya a nan. Mai wa'azi kuma ya tuna cewa a cikin masu sauraronsa akwai uwar da ke kuka a ɓoye saboda ɗanta.

Allah Ya shiryi al'ummar Musulmi baki ɗaya, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya rufa asirin bayinSa duniya da lahira. Amin.