Fenti: Gyara Ne Ko Algus?

Gadon ƙarfe ko kabad ya koɗe, sai mu sa a yi masa fenti kafin mu ba dillaliya a nan Kademi, kuɗinsa ya ƙaru. Shin ƙarin nan halal ne?

In koɗewa kawai aka gyara, ba laifi, kuɗinki kika kashe. Amma in tsatsa ko cin gara kika rufe, algus ne. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya tsawatar wa mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa.

Ki faɗi aibin ko da farashi zai sauka. Wataƙila mai sayen jeren marainiya take haɗawa. Allah Ya tsare mu daga cin haram, amin.