Ɗanki Ba Daƙiƙi Ba Ne

 A gidajenmu da yawa akwai yaro mai wayo, ga iya magana, ga lissafin canjin aike, amma da an ɗora masa allo sai ya tsaya cik. Ya shekara a babbaƙu bai shiga farfaru ba. Ba'un da ta'un suna rikice masa, a boko kuma b da d. Sai mu ce daƙiƙi ne, a ɗauko bulala.

'Yar'uwa, ki ji tsoron Allah. Wannan larura ce da ake kira disleksiya. Tun 1887 wani likitan Jamus, Rudolf Berlin, ya yi rubutu a kanta. Ba rashin basira ba ne, ba sammu ba ne. Haɗa harafi da sautinsa ne ke yi wa ƙwaƙwalwarsa nauyi, kuma akan gaje ta.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Annabi (SAW) ya yi bushara da lada biyu ga mai karatun Alƙur'ani da wahala. Wanda Allah Ya ninka wa lada, mu ne za mu ninka masa duka?

Ki zauna da shi kullum, ko minti 15 ne. Ku ɗauki harafi ɗaya: ya furta sautinsa, ya zana shi da yatsa a rairayi, sai ya zauna masa sannan ku ƙara. Ki riƙa karanta masa yana bi da yatsa. Ki sa maigida ya sanar da malaminsa, kuma kada ki gwada shi da ƙannensa.

Amana ce, za a tambaye mu. Allah Ya buɗa ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu, amin.